Ranar da Yayana Ya Tuɓe Takalmi a Tsakiyar Tsere

Har yau idan na kunna talabijin na ga ana rataya wa wani lambar zinare a wuya, sai in kau da kai. Jikokina sun riga sun san halina. Da zarar an fara wasannin ƙasashen duniya, aka soma lissafa wane ya ci lambobi kaza, wance ta ci kaza, sai su riƙa satar kallona, don sun san tsoho zai fara tsaki. Su a zatonsu 'yan wasan nake yi wa. Yayana nake tunawa, shi da wani farin takalmin kambas da na saya masa da hannuna.

Abin ya faru a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan. A lokacin ina sabon malamin firamare a Yankara, garinmu. Gwamnati na ta buɗe makarantu, ana zuba kwalta, rufin kwano yana maye gurbin na ciyawa, kuma duk wanda ya ɗan samu sai ya sayi rediyo ya rataya a kafaɗa. Ni ma na sayi tawa, na haɗa da keke. Da yake ni ne ƙarami a cikin malamai, sai hedimasta ya ɗora mini kula da wasanni, aikin da kowa ke gudu. Ni kuwa daɗi na ji, don na kamu da son abin tun ina kwaleji. Duk sa'ad da ake manyan wasannin da ƙasashe ke haɗuwa, kunnena na manne da rediyo. Na san wanda ya fi kowa lambobi a ninƙaya, na san wanda ya fi a gudu, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Akwai wani hoto da na yanko daga jarida na liƙa a bangon ajina. Wani baƙin mutum ne siriri, lambobin yabo sun cika masa ƙirji, yana dariya. Na taɓa ji a rediyo cewa da yawa daga cikin gwanayen dogon gudu na Afirka 'ya'yan manoma ne da makiyaya, a bayan dabbobi suka koyi gudun. Ranar da na ji haka na ce a raina, ashe muna da irinsu a gida muna aikensu gona.

Yaya ya girme ni da shekara biyar. Bai yi boko ba, don lokacin da mahaifinmu ya rasu shi ya karɓi gona, ya bar ni na yi karatu. Dawa da auduga yake nomawa, yana da mata da 'yarsa ɗaya. Mutum ne marar yawan magana, in ya zauna sai ka ɗauka ko sauri bai iya ba. Amma duk Yankara an san abin da ke cikin ƙafafunsa. Wata ranar kasuwa bijiminmu na huɗa ya tsinke igiya, ya watsa kayan masu tumatir, ya nufi daji. Samari suka bi shi, ɗaya bayan ɗaya suka sare suka dawo suna haki. Yaya bai tsaya ba. Ya yi ta bin bijimin nan har dabbar da kanta ta gaji ta tsaya tana kumfa, ya sa mata igiya ya jawo ta gida. Da ya shigo, abin da kawai ya tambayi Inna, mahaifiyarmu, shi ne ko an rage masa fura.

Wata rana takarda ta zo makarantarmu. Jami'an wasanni za su zo daga Kaduna zuwa Faskari su zaɓi masu dogon gudu daga yankinmu, har da mutanen Kankara da na Sabuwa. Ba 'yan makaranta kaɗai ba, duk mai ƙarfi a jika yana iya shiga. Mutum uku na farko za a ɗauka a kai su sansanin horo, daga can a je wasannin ƙasa, wanda ya yi fice kuma a fita da shi waje. Ban jira an tashi ba, na hau keke na iske Yaya a gona yana cirar auduga.

Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Wai in yi ta gudu, ba wanda ya biyo ni, ni kuma ban biyo kowa ba?"

Na ce haka ne.

"To in na isa, mi zan tarar?"

Na ja shi har aji na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a baya, kamar mai duba sa a kasuwa. Ya tambaye ni ko duk waɗannan ƙarafan gudu ne ya ba mutumin. Na ce gudu ne. Ya tambaya ko da gaske ana faɗin sunan mutum a rediyo, har da sunan ubansa. Na ce har da sunan garinsu ma. Can ya ce, "Da Inna ta ji an ambaci sunan Baba a cikin akwatin nan, da ta ji daɗi." Nan na san na samu.

Wahalar da ban hango ba ita ce, a garinmu babban mutum ba ya gudu haka kawai. Yaro ya yi gudu, ba mai kallonsa. Amma magidanci mai iyali in ya kwasa da gudu, to ko gobara ce, ko ɓarawo, ko rasuwa. Safiyar farko da muka fita bayan an sallame sallar asuba, ina bisa keke da agogo a hannu, Yaya na gabana. Kafin mu wuce bakin kasuwa na waiga na ga mutum shida na biye da mu. Ɗaya da adda, ɗaya da bokiti, wani ko hula bai tsaya sawa ba.

"Lahiya? Ina ne ta kama?"

Dole Yaya ya tsaya ya yi bayani, don ba ka wuce mutum yana tambayarka lafiya. Da ya ce ba komai, gudu kawai yake yi, sai suka dubi juna. Mai bokitin ya zubar da ruwansa ya juya.

Kwana biyu bayan haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta hango shi ya fito daga gida a guje. Ba ta tambayi kowa ba ta sa salati. Kafin hantsi mata sun fara shigowa gidanmu da mayafai suna sharar hawaye, suka iske Inna da tsintsiya tana sharar tsakar gida. Ranar na sha faɗan da ban taɓa sha ba. Inna ta ce na kashe ta da ranta saboda wasan yara, ta ce bokon da aka kai ni ban koyo komai ba sai mayar da babba yaro. Daga nan magana ta bazu cewa Yaya ya gamu da iska. Har wani ya aiko da ƙullin hayaƙi, wai a turara masa kafin abin ya yi nisa. Takaici ya ishe ni. Ina ƙoƙarin fitar da sunan gari zuwa duniya, gari na ƙoƙarin ɗaure mini ɗan'uwa a turu.

Sai muka koma burtali, hanyar shanu da ta bi ta bayan gari. Can babu mai tambaya sai Fulani, su kuwa kallo ɗaya suke yi su ci gaba da harkarsu. A nan na ga abin da Yaya zai iya. Ni da ke bisa keke nake gajiya in ce mu juya, shi ko numfashinsa bai sauya ba. In na duba agogo sai in ƙara dubawa, ina zaton ya tsaya ne.

Maganar iskar nan ba ta tsaya a Yankara ba, sai da ta kai Mairuwa, garin surukin Yaya. Tsohon ya aiko a tambaya ko gaskiya ne mijin 'yarsa ya taɓu. Yaya ba zai iya zuwa ya wanke kansa ba. Tsakaninsa da surukinsa akwai kunya irin wadda yaran yanzu ba za su gane ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa duban fuskarsa ba. In ya hango shi a hanya tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya durƙusa gefe ya gaishe shi, ba zai tashi ba sai an gama gaisuwa. Saboda haka ni na tafi a madadinsa.

Na iske Baba, haka duk muke kiransa, zaune a zaure yana tufkar igiya. Dogon tsoho ne mai natsuwa, manomi mai 'yan shanunsa. Na gaishe shi, na fito da hoton nan daga aljihu, don na ɓamɓaro shi daga bango musamman saboda wannan tafiya. Na yi ta zuba. Na ce surukinsa lafiyarsa ƙalau, baiwa ce Allah ya yi masa. Na ce za a kai shi Kaduna, a kai shi Legas, a sa shi a jirgin sama. Na ga tsohon ya ajiye igiya yana saurare, sai kaina ya ƙara girma, bakina ya ƙara buɗewa. Na faɗi ranar, na faɗi wurin, na ce, "Baba, ku zo Faskari ku gani da idonku."

Ya dube ni, ya ce, "Malam, kana ganin zuwana ya dace kuwa?"

Na ce, "Ƙwarai ma kuwa, Baba. Ai ƙarfin gwiwa zai ƙara mashi."

Ya ce, "To. Kai ka san abin nan, mu ba mu san shi ba."

Na dawo ina murna na kashe maganar iska, na mayar da hoton bangon aji. Na gaya wa Yaya Baba ya gamsu, amma ban gaya masa na gayyace shi ba. A wautata wai so nake ya gan shi ba zato, bayan ya ci.

Sai maganar kaya. Yaya duk gudun da ya yi a duniya da ƙafarsa ya yi shi, tafinta ya yi kauri har ƙaya ba ta cika shiga ba. Ni kuwa ina tunanin 'yan sakandaren da za su zo da fararen singileti da takalma, ba na so a yi wa ɗan'uwana kallon baƙauye. Na hau mota na je Funtuwa na sayo masa farin kambas mai igiya. Ya juya shi a hannu ya ce zai riƙe masa ƙafa. Na ce duk waɗanda ke cin lambobi da takalmi suke ci. Gajeren wando kam ya rantse ba zai sa ba, ya ce shi da 'ya a gida ba zai fito da cinya waje ba, sai muka yanke wani tsohon wandonsa daidai ƙasan gwiwa. Takalmin ya karɓa don kada in ji ba daɗi. Ya gwada shi sau uku a burtali, kullum igiyar sai ta kwance.

Ranar tsere muka isa Faskari da sassafe. Filin makaranta ya cika. Ga 'yan sakandare daga Kankara suna ta tsalle-tsalle suna miƙa, ga wani dogon saurayi daga Yargoje, ga wani tsohon soja daga Sabuwa mai faɗin ƙirji. Jami'in da ya zo daga Kaduna yana da usur a wuya da baƙin tabarau, ya yi bayani: za a bi jar hanya har wata babbar kuka, can wani malami zai shafa wa kowa tawada a hannu, sa'an nan a juyo a dawo filin. Kafin a jeru na durƙusa gaban Yaya na ɗaure masa takalmin. Na tuna yadda igiyar ke kwancewa, sai na ja ta da ƙarfi na yi mata ƙulli biyu, na ƙara na uku, irin ɗaurin bakin buhu. Na ce, "Yau dai ba za ta kwance ba." Ya ce, "Ka matse ni, Malam." Haka yake kirana in yana tsokanata. Na ce ya yi haƙuri.

Aka busa usur. Yaran makaranta suka kwasa kamar an kore su, Yaya ya bi a hankali yana can baya. Na hau kekena ina bin gefen hanya. Ba a yi nisa ba suka fara zubewa, wannan ya riƙe ciki, wancan ya zauna a gindin itace. Yaya yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, kuma don Allah kowa ya wuce sai ya ce masa sannu. Kafin a kai kuka ya kamo sojan Sabuwa, ya kamo dogon Yargoje. Shi aka fara shafa wa tawada.

A dawowa ya buɗe ƙafa. Na waiga na ga na biyu ya zama ɗan ƙarami a bayanmu. Na yi ta ihu har muryata ta dishe, ban ma san abin da nake faɗa ba. Na riga na fara jin muryar mai karanta labarai a kunnena tana faɗin Yankara. Rufin makaranta ya fara bayyana, muna jin hayaniyar mutane daga filin.

Sai na hango farar riga a gindin wata ɗorawa, daf da bakin hanya. Dogon mutum da rawani da sanda. Baba ne. Ya biyo motar safe tun daga Mairuwa, bai shiga cikin taro ba saboda kunya, ya zo ya tsaya shi kaɗai inda zai ga wucewar surukinsa da kyau. Ni na fara ganinsa, kuma a take na gane abin da na aikata.

Yaya ya gan shi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, takunsa ya ragu.

Na ce, "Yaya, wuce! Wuce, ka dawo ka gaishe shi!"

Ko waiwayata bai yi ba. Ya sauka daga hanya, ya tsaya ɗan nesa da tsohon, ya sunkuya zai tuɓe takalmi. Da ƙafarsa ce kawai, da durƙusawa zai yi ya gaisa ya tashi, tazarar da ya bayar ta ishe shi har da saura. Amma ga takalmi, ga ƙullina uku. Hannunsa ya jiƙe da gumi, igiyar ta sha ƙura ta ƙanƙame. Ya ja, ta ƙara ɗaurewa.

Baba ya gane. Ya kau da fuska gefe yana kaɗa hannu, yana cewa, "Tahi, tahi, na yahe! Tahi abinka!"

Yaya bai ɗago ba. Ba zai buɗe baki ya gaida uban matarsa da takalmi a ƙafa ba, ko da sama za ta faɗo. Na yar da keke na ruga zan taimaka, ya ture hannuna. Dogon Yargoje ya zo ya wuce, yana kallonmu da mamaki. Yaya ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙafarsa ta hagu har baki, ya sa haƙori ya datse igiyar. Sojan Sabuwa ya wuce. Ta dama ya kama dunduniya ya fizge da ƙarfi har fata ta saluɓe. Wani ɗan sakandare ya wuce, wani ya biyo shi.

Sa'an nan ya durƙusa, yana haki, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, tashi!"

"An zo lahiya?"

"Lahiya, lahiya. Ka tashi ka tahi!"

"Ya mutan gida? Ya mutan Mairuwa?"

"Suna lahiya! Yaro, don Allah tashi!"

Ina tsaye ina jin kamar in kwanta a hanya in yi birgima. Hawayen takaici suka cika mini ido. Ban taɓa jin gaisuwar da ta yi mini tsawo irin wannan ba, alhali ko rabin yadda suka saba ba su yi ba.

Ya tashi ya bar takalman a nan, ya hau hanya da ƙafarsa. Gudun da na gani daga ɗorawar nan zuwa fili ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na kalli wasanni da yawa a talabijin tun daga lokacin. Na bi shi da keke ban kamo shi ba. Ya wuce ɗan sakandare ɗaya kamar yaron a tsaye yake. Ya shiga filin yana bin na ukun, mutane suka ɗauki ihu, tazarar tana raguwa ana gani. Yaron ya faɗa kan layi, Yaya na bayansa da taku ɗaya. Na huɗu ya zo.

Na garzaya wurin jami'in. Na ba shi labari duka, na ce ya tambayi malamin da ke kuka, ya tambayi su kansu ukun, kowa ya san wanda ya fi. Shi ma dogon Yargoje ya matso ya ce gaskiya ne, mutumin nan ya fi su. Jami'in ya zare tabarau, ya ce ya ga gudun da idonsa, amma takarda uku ta ce, kuma ukun farko ta ce. Na roƙe shi ya ƙara ɗaya. Na ce ya sake sa su gobe. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, in mun kai shi waje ya hango wani dattijo a cikin 'yan kallo fa? Tsayawa zai yi gaisuwa?" Na kusa in ce masa abin da zai sa a kore ni daga aiki. Na haɗiye, na juya.

Haushin da ban sauke a kan jami'i ba na je na sauke a kan Yaya. Yana zaune a gindin bango yana duba dunduniyarsa da ke jini. A gaban mutane na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ya zubar da wahalarmu ta wata biyu. Na ce ya ba ni kunya. Na ce saboda irin wannan ne har abada ba za a ji sunanmu a ko'ina ba.

Ya bari na gama, sa'an nan ya ce, "To ya kake so in yi? In wuce uban matata a guje, da takalmi, ina tayar mashi da ƙura? Da wane ido zan shiga gidana?" Ya ƙara da cewa, "Ni abin da ban gane ba, wa ya hwaɗa mashi ranar?"

Ina nan tsaye sai ga Baba ya shigo filin a hankali, sanda a hannu ɗaya, takalman a ɗaya hannun. Dattijo mai furfura ya ɗauko takalmin surukinsa tun daga ɗorawa. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Yaya ya zabura ya sake durƙusawa, ya sunkuyar da kai har ƙasa. Baba bai dube shi ba, ni ya nufo. Ya miƙo mini takalman, ya ce a hankali yadda ni kaɗai da Yaya za mu ji, "Malam, ai na tambaye ka."

Ya juya ya tafi neman motar Mairuwa, ko ruwa bai sha ba.

Da la'asar motar jami'an ta tashi da mutum uku. Mu kuma muka kama hanyar gida, ina tura keke, Yaya na ɗingishi a gefena. Na jira ya yi mini faɗa, na ma so ya yi, bai yi ba. Da muka kusa gari ya ce in ba shi takalman ya riƙe, kada su faɗi daga bayan keke. Shi ke nan abin da ya ce.

Na yi ta sa rai baɗi za a dawo. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, har na je Kaduna da kaina aka ce jami'in an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma 'yan makaranta kaɗai yake so. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Yaya ya ƙara 'ya'ya, ya ƙara gona, bai sake gudu ba sai in akuya ta shiga hatsi. Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma har ya koma ga Allah bai sake taka Faskari ba. Matar Yaya ta taɓa gaya mini cewa duk sa'ad da aka ambaci tsere a gaban mahaifinta sai ya tashi ya bar wurin.

Ban ce da an tafi da Yaya lalle da ya ciwo zinare ba. Wataƙila da ya je ya gamu da waɗanda suka fi shi, ya dawo gona kamar kowa. Abin da ke cina shi ne ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Shekaru da yawa ina gaya wa mutane al'ada ce ta kayar da shi, ina faɗa da zafi, ina zagin duhun kai. Ya fi mini sauƙi in faɗi haka. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tayar mini da maganar ba. Na ɗauka ma abin bai dame shi ba, na ɗauka ni kaɗai na so tafiyar, shi biyo ni kawai ya yi. Hoton nan ma na neme shi na rasa tun a makon tseren, na ɗora wa yaran ajina laifi, na yi musu faɗa a banza.

Bayan rasuwar Yaya, da aka yi sadakar bakwai, babban ɗansa ya kira ni in tsaya a buɗe akwatinsa na ƙarfe. Riguna ne, da carbi, da takardun gona. A can ƙasa akwai wani ƙulli a cikin tsohon zane. Na kwance. Takalman ne, sun yi ja saboda daɗewa, a cikin ɗaya kuma ga hoton mutumin nan mai lambobi a ƙirji, an ninke shi huɗu, ya yi laushi saboda yawan buɗewa.

Yaron ya ce, "Baba, wannan na wane ne? Ban taɓa ganinsa da irin wannan takalmi ba."

Na juya takalman a hannuna. Igiyar ta hagu a tsinke take, da shatin haƙoransa a jiki. Ta dama kuwa ƙullina uku suna nan yadda na ɗaure su.